Yadda za ka zaga Legas da iyali a kwana biyu ba tare da gosulo ya cinye muku hutun ba

Shekarata goma sha huɗu ina zaune a Agege, kuma kusan duk hutun makaranta sai an kira ni daga gida, wai Yaya zai kawo yara su ga Ikko, ko Hajiya na so ta ga teku da idonta, ina za a kai su, me za a hau, da wane lokaci za a fita. To na ga maganar ɗaya nake ta maimaitawa a waya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, wanda zai zo daga Arewa ya amfana, mu ma da muke zaune a nan muna kasuwa daga Litinin zuwa Asabar yaranmu ba su san komai ba sai layinmu da makaranta da islamiyya, mu ma mu amfana.

Zuwan Yaya na farko da iyalinsa har yau yana min ciwo in na tuna. Na tsara musu wuri biyar a rana ɗaya saboda ɗoki, muka bar gida wajen goma na safe bayan an gama karyawa an yi wa yara wanka a natse, ƙarshe wuri ɗaya muka gani, sauran ranar a cikin mota muka yi ta tsakanin Obalende da Lekki, autarsu ta yi amai sau biyu, La'asar ta kusa kuɓuce mana, matar Yaya tun tana cewa ba komai har ta yi shiru. Mutanen da suka yi tafiyar kilomita kusan 1,000 don su zo wajena. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: kowace rana ɓangare ɗaya na gari, wuri biyu manya, in Allah ya sa lokaci ya ragu a ƙara na uku, kuma sammako dole. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan dokar ya ginu.

Kafin a taso daga gida

Fara da zaɓen lokaci. Ruwan Legas ba irin namu ba ne, daga watan Afrilu zuwa Yuli ana tafka shi sosai musamman Yuni, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, kuma in ya sauka da ƙarfi titunan Lekki da Victoria Island cika suke da ruwa, mota ta koma tafiyar hawainiya. Don haka hutun Agusta yana da kyau, Nuwamba ma haka, Janairu zuwa Maris ma lafiya sai dai zafi da gumi. Disamba kuwa daga tsakiyar wata garin cika yake da masu dawowa daga waje da bukukuwa, kuɗin otal da na mota duk su hau, in ba dole ba a bar shi. Sannan akwai gudun famfalaki da ake yi duk shekara a watan Fabrairu ranar Asabar, ana rufe manyan tituna har da babbar gadar Third Mainland tun asuba, ka tabbata ba ranar ka saka fitarku ba. Wanda zai zo ta mota kuma ya kiyayi Juma'ar farko ta wata, akwai manyan sansanonin coci a kan titin Ibadan zuwa Legas da suke taro a daren, shigowa gari yakan yi wuya.

Masauki shi ne na biyu, kuma a nan mutane ke kuskure. In kana da ɗan'uwa a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago to alhamdulillahi, ka sauka wajensa amma ka faɗa masa tun da sati biyu, ɗakunan Legas ƙanana ne, sai an yi dabara. In otal za ka kama, ni shawarata Ikeja ko Yaba ko Surulere. Ikeja na kusa da filin jirgin Murtala Muhammed, Yaba da Surulere kuma suna tsakiya, tsallake gada ɗaya ka shiga tsibiri, wato Lagos Island. Kada ka ga hoto a waya ka tura kuɗi, ka sa wani ya je ya gani da ido, ya tambayi janareto da ruwa, ya duba ko babu mashaya ko gidan rawa a ƙasan benen, don da iyali kake.

Kayan da za a riƙe ba su da yawa: takalmi mara tsini ga kowa har mata, hula ko lema, darduma ƙarama da buta, pawa bank, maganin amai da na zazzaɓin yara, kaya ɗaya na canji ga kowane yaro a leda, ruwa mai yawa. Tsabar kuɗi ƙanana a aljihu daban, sauran a banki, tiransifa da POS suna aiki kusan ko'ina amma kwandasta da mai gyaɗa ba ruwansu da netiwok. Sai abu ɗaya da nake yi kullum, in rubuta lambar wayata a takarda in saka a aljihun kowane yaro, manyan kuma in sa su haddace.

Ranar Juma'a ba ranar yawo ba ce

Kowa ya iso ya huta. Kar ka ɗauko mutane daga tasha ko filin jirgi ka ce bari mu ɗan leƙa wani wuri, yammacin Juma'a shi ne mafi munin gosulo a sati. A yi wanka, a ci abinci, bayan Magariba in a Agege kuke a taka a gaisa da mutane, a sayi tsire da balangu, yara su ji Hausa na tashi ta ko'ina su san ba baƙon wuri suka zo ba. Hajiya da ta zo, abin da ya fi ba ta mamaki a daren farko shi ne mai shayin layinmu ɗan garinsu ne, suka yi ta lissafin dangi har aka kira Isha'i.

Aikin da za ka yi a ranar guda biyu ne. Na ɗaya ka yanke shawarar abin hawa. In ku biyar ne ko shida da tsohuwa da ƙananan yara, ɗauki shatar mota ta yini guda wajen direban da wani ya sani, ku yi ciniki tun daren, har da mai da kuɗin fakin, ko ka riƙa kiran Uber ko Bolt daga wuri zuwa wuri. In yaran sun ɗan tasa, to BRT, wato manyan bas na gwamnati masu layinsu daban a titi, da jirgin ƙasa sun fi arha kuma su kansu abin kallo ne. Na biyu, in gwamnatin za ku hau, ka je tashar BRT mafi kusa ka sayi katin Cowry ka zuba masa kuɗi, da shi ake hawa BRT da jirgin ƙasa na cikin gari da jirgin ruwan gwamnati, ba a karɓar tsaba. Ka saya wa kowane babba nasa don kar ku tsaya kuna miƙa wa juna a bakin ƙofa mutane na turo ku ta baya.

Maganar acaɓa kuma ka cire ta a lissafi, tun Yunin 2022 aka hana okada a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara wasu wuraren, kuma dokar har fasinja take kamawa. In da motarka ka zo, abu biyu ne ke jawo wa baƙo masifa, shiga layin BRT da bin titi mai hanya ɗaya ta baibai, 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci ba sa jin ban sani ba. Wallahi gara ka ajiye motar a masauki.

Asabar: cikin tsibiri

Dalilin da ya sa nake sa tsibiri ranar Asabar shi ne kasuwa, yawancin shagunan Balogun da Idumota ba sa buɗewa Lahadi. A yi Asuba, a karya da sauri, bakwai ta yi muku a hanya. Na san da yara wannan ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa wanka da shirya jaka tun dare ake gama su.

Daga Agege ko Ikeja za ku bi ta Oshodi ku faɗa Oworonshoki ku hau gadar Third Mainland. In BRT ne, ku hau na Abule Egba zuwa Oshodi, a babbar tashar Oshodi mai gini uku ku canza zuwa mai tafiya tashar TBS ko CMS a cikin tsibiri, tambayi ma'aikatan da ke da riga su nuna maka ginin da ya dace kar ka bi ɗan kamasho. Ka sa yara su zauna gefen taga, don gadar nan ita ce abin kallo na farko, tsawonta kilomita 11.8, a 1990 aka buɗe ta zamanin Babangida, za ku yi ta tafiya a kan ruwa kamar ba za ta ƙare ba. Nuna musu Jami'ar Legas a bakin ruwa, da masunta a kwale-kwale suna jefa taru, da gidajen katako na Makoko da aka kafa a cikin ruwan. Hajiya tun da muka hau take salati, sai da muka sauka ta ce, yanzu duk wannan ba shi ne tekun ba? Na ce a'a Hajiya, wannan tafki ne, teku sai gobe.

Wurin farko gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Ka kira ko ka sa a tambayo maka lokacin buɗewa da kuɗin shiga tun ranar Juma'a. Akwai kayan Nok na yumɓu da aka tono a kudancin Kaduna, akwai tagullar Benin, kayan sarauta da na yaƙi, amma mu abin da ke kai mu shi ne motar Janar Murtala. Baƙar Marsandi ce, wadda yake ciki safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 aka buɗe masa wuta a Ikoyi yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan, ramukan harsashin suna nan a jikinta. Kafin ku shiga ka ciro naira ashirin ka ba yaro ya riƙe, ka ce masa mutumin da ke jikin kuɗin nan ɗan Kano ne, wata shida da 'yan kwanaki kawai ya yi yana mulki, shi ya sanar da cewa za a mayar da babban birni Abuja, kuma filin jirgin da kuka sauka sunansa ne. 'Yar Yaya mai shekara tara ta tsaya gaban motar ta daɗe, tana kallon kuɗin tana kallon ramukan tana ƙirgawa da yatsa daga nesa, can ta juyo ta ce, Baffa, shi ba shi da masu gadi ne? Yaya ne ya ba ta amsa, ya ce ai shi bai yarda da jerin gwanon motoci da jiniya ba, yadda kowa ke bin titi haka yake bi. Muka yi masa addu'a muka fito. Kar ka yi gaggawa a ɗakin nan, kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya za ka ɗau hoto.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa dandalin Tafawa Balewa, wanda kowa ke ce wa TBS, za ka gane shi da gumakan fararen dawakai a saman ƙofa. Da filin sukuwa ne, a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, Sir Abubakar ya yi jawabi. Ba wani abin zagayawa sosai, minti goma sha biyar ya isa, a yi hoto a faɗa wa yara labarin a wuce. In rana ta fara zafi kuma ana son inuwa, Freedom Park na kan titin Broad, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne aka mai da shi wurin shaƙatawa a 2010, akwai bishiyoyi da wurin zama, da rana shiru yake, da dare ne ake kiɗe-kiɗe.

Azahar a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, ginin yanzu a 1988 aka buɗe shi. Ina son kai baƙi nan don da yawa daga mutanenmu suna zuwa da tunanin Kurmi ba Musulmi, sai su ga sahu cike da Yarbawa 'yan kasuwa sun rufe shago sun zo salla. Akwai ɓangaren mata. Takalma a saka a leda a shiga da su.

To ga Balogun a bakin masallacin, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Kasuwar nan ba ta da ƙofa ba ta da iyaka, layuka ne da benaye suka sarƙe da juna, atamfa, leshi, shadda, takalma, jakunkuna, kayan yara, duk abin da mata ke so yana nan kuma da sauƙi in an iya ciniki. Amma ba wurin shiga da yara huɗu ba ne. Yadda muke yi, ni da yara da Hajiya mu zauna wajen masallaci ko wani wurin cin abinci, mata biyu su shiga da wanda ya san kasuwar, a ba su awa ɗaya da rabi, a ajiye magana a kan inda za a haɗu ko da waya ta mutu. Jaka a gaba, waya a ciki. Masu jan hannu su ce zo ka ga kaya a sama, a ce musu a'a da fara'a a wuce. Farashin farko da aka faɗa ba shi ne kuɗin kaya ba, ka taya ƙasa sosai, in an ƙi ka yi kamar za ka tafi. Kalma uku na Yarbanci suna sauƙaƙa abubuwa: e kaaro da safe ko e kaasan da rana, elo ni wato nawa ne, e she wato na gode. Yarbawa na son gaisuwa kamar mu, iya mai shago in ka gaishe ta da harshenta sai ka ga fuska ta sake.

Abinci: in yara za su iya, a gwada amala da miyar ewedu da gbegiri, ko shinkafa dafa-duka da soyayyar ayaba, sai dai ka ce a rage yaji don barkonon Yarbawa ba wasa ba ne. Ka zaɓi buka mai cike da mutane inda tukunya ke kan wuta, kuma ba laifi ka tambayi naman, masu abinci da yawa a tsibiri Alhaja ne. Wanda cikinsa bai son baƙon abu, Obalende na nan kusa, akwai tuwo da miyar kuka da masa wajen mutanenmu.

In ƙarfe uku ta yi kuma ƙafafu ba su mutu ba, ga na ukun da nake ajiyewa don yara: jirgin ƙasa na Blue Line daga tashar Marina. A Satumbar 2023 ya fara ɗaukar fasinja, na lantarki ne, kilomita 13 zuwa Mile 2, yana tashi daga Marina ya bi ta saman ruwa, ka hango jiragen ruwa na dakon kaya ta wajen Apapa, ya wuce ta gaban National Theatre, ginin nan mai kama da hular soja da aka yi don bikin FESTAC na 1977. Ba sai kuna da abin yi a Mile 2 ba, ku je ku dawo kawai, akwai sanyi a ciki, kowa ya huta. Yaran Yaya har yau in an tambaye su me suka gani a Legas jirgin nan suke fara faɗa. Mu 'yan Agege kuma muna da Red Line da ya fara aiki a Oktoban 2024, daga Agbado ya bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba zuwa Oyingbo, sai dai ka duba jadawalinsa na ranar kafin ka dogara da shi wajen komawa.

Biyar ta yi muku a hanyar gida. Asabar ranar biki ce a Legas, da yamma duk wani zauren taro cike yake, motoci a faka har kan titi. In dole ta sa za ku hau danfo, ƙananan bas ɗin nan na haya masu launin rawaya, ku hau a cikin tasha inda ake lodi, kar ku tari wadda ta tsaya a bakin titi da mutum uku a ciki musamman in duhu ya fara, ta nan 'yan wan-cans, ɓarayin da ke shigar direba da fasinja, ke samun mutane. Ka shiga da canjinka, in an zo inda za ka sauka ka ɗaga murya ka ce owa.

Lahadi: daji da teku

Safiyar Lahadi ita ce kyautar da Legas ke ba baƙo, tituna fayau, tafiyar da ke cin awa uku ranar aiki sai ka yi ta cikin ƙasa da awa ɗaya. Wannan ranar dai mota za ku ɗauka. Ka ce wa direba ya bi ta Ikoyi ya hau gadar Lekki-Ikoyi mai igiyoyi, wadda aka buɗe a 2013, yara sun san ta a hoto za su yi murna.

Ku nufi Lekki Conservation Centre ku zama cikin na farkon shiga. Daji ne na gaske mai fadama, hekta 78, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta keɓe tun 1990, yanzu gidaje da benaye sun zagaye shi ta ko'ina amma da ka shiga sai ƙarar mota ta ɗauke. Ana tafiya ne a kan doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a saman fadamar, birai na tsalle a kanku, akwai ɗawisu, akwai wani katon kunkuru da yara ke zagayewa. Birai nan fa sun saba da mutane fiye da kima. Ɗan Yaya yana riƙe da biskit a hannu, kafin mu ankara wani ya diro daga reshe ya fizge ya koma sama ya zauna yana ɓare ledar da yatsu kamar mutum, yaron ya ƙwalla ƙara ya ruƙunƙume babansa, sai da aka daɗe ana lallashi. Don haka abinci duk a cikin jaka a zuge, kar a ci komai sai an fita fili, kar kuma a miƙa musu.

Abin da ya yi wa wurin suna shi ne gadar sama mai lilo, tsawon mita 401, an ɗaure ta daga hasumiya zuwa hasumiya a saman bishiyoyi. Kuɗinta daban da na shiga, ba a barin ƙananan yara su hau, in ana ruwa ma rufewa ake yi, kuma in ka fara ba komawa baya sai ka kai ƙarshe, to mai tsoron bisa ko mai hawan jini ko mai juna biyu ya haƙura, ba abin kunya ba ne. Mata masu hawa su sa wando a ƙarƙashin abaya su ɗaure mayafi sosai saboda iska, waya kuma a riƙe da kyau. Daga can ƙololuwa kana hango rufin Lekki gaba ɗaya. Waɗanda ba su hau ba su bi ta ƙasa a haɗu a filin iyali da ke ƙarshe, akwai rumfuna da tafkin kifi da wurin wasan yara, a nan za a shimfiɗa darduma a buɗe kular da aka taho da ita daga gida. Ku taho da abincinku, ya fi arha ya fi kwanciyar hankali. Sha ɗaya zuwa sha biyu jama'a za su fara cika wurin bayan an taso daga coci, lokacin ku kuma kuna shirin fita.

Sai teku. Tsofaffin da suka san Legas da za su ce a kai su Bar Beach, to babu ita yanzu, an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic. Wuraren bakin tekun da suka rage a kusa na kuɗi ne, ana biya a ƙofa, wani lokacin fakin daban, rumfar zama daban, ka tambayi kuɗin komai kafin ka zauna a kan kujerar kowa. Lokacin zuwa da iyali shi ne daga Azahar zuwa La'asar, don da yamma ta yi wurin canza kama yake, kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba za ka so yaranka su gani ba. Ku yi nesa da masu lasifika ku nemi gefen da babu cunkoso. Tarkwa Bay ruwanta ya fi kwanciya amma sai an hau jirgin ruwa, in za ku je kowa ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa har jariri, direban da ya ce ba komai ku sauka daga jirginsa.

Dan Allah maganar ruwan nan kar a ɗauke ta da wasa. Tekun Atilantika a gaɓar Legas yana da ja ta ƙasa, igiyar za ta zo kamar ba komai ta taɓa maka idon sawu, in za ta koma sai ta kwashe yashin da kake tsaye a kai. Wanda ya iya iyo a Tiga ko kogin Hadeja bai iya wannan ba. Yara su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, hannunsu a cikin na babba, kuma a raba aiki a fili, wane kai ke da wane, don in kowa na kallo to ba mai kallo. Akwai masu dawakai da ke zagayawa da yara, da yawansu 'yan'uwanmu ne, ku yi ciniki da Hausa kafin yaro ya hau, kuma a ja linzamin a hankali.

Hajiya da muka iso ba ta ce komai ba. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta taka har inda yashi ya jiƙe, ta tsaya tana kallon inda ruwa ya haɗe da sama, jiragen dakon kaya sun yi layi can nesa suna jiran shiga Apapa. Ta duƙa ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana ta tofar, ta ce lallai gishiri ne, Allah mai iko. Sai ta sa aka wanke gorar ruwa aka cika mata, wai za ta kai wa maƙwabciyarta da ta ce ba ta yarda akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba.

Ku yi La'asar ku kama hanya kafin masu dawowa daga shaƙatawa su cika titin Lekki zuwa Epe. In ruwan sama ya ɓata muku Lahadin gaba ɗaya, kar ku zauna a ɗaki, Ikeja City Mall na Alausa akwai wurin wasan yara da silima da wuraren cin abinci a rufe, in an ɗauke kuma lambun JJT na nan kusa da majalisar jiha, fili ne mai ciyawa yara su yi gudu. Badagry kuwa, inda gidan bene na 1845 yake da tarihin cinikin bayi, kar ka soma cusa ta cikin kwana biyun nan, yini guda take ci ita kaɗai, a bar ta sai wani zuwan.

Daren Lahadi a haɗa kaya, a zazzage yashi daga takalman yara, a sayi burodin Agege mai zafi na tsaraba a bar ledar a buɗe ya sha iska kar ya yi gumi. Masu jirgin safe su duba tikiti da kyau su ga daga wane gini za su tashi, don na cikin gida biyu ne, MMA2 da tsohon, kuma safiyar Litinin garin gaba ɗaya yake fitowa lokaci guda, ko daga Agege ne ku bar gida awa uku kafin tashi. Gorar ruwan teku kuma a cikin babban akwati za a saka ta a naɗe da leda biyu, ba za a bari a shiga da ita a hannu ba.